Kakin gandun daji: Doguwar hanyar matasan Diffa zuwa aikin tsaron itatuwa

Duk lokacin da aka ba da sanarwar buɗe jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gandun daji a Jamhuriyar Nijar, labarin kan riga takardar hukuma isa Diffa. Kafin a liƙa ta a bango, ta zagaya wayoyin matasa ta WhatsApp, har ta kai ga 'yan uwansu da ke ci-rani a Libiya, Aljeriya da Najeriya, waɗanda galibi su ake jira su aiko da kuɗin haɗa takardu.

A jihar da noman tattasai da kamun kifi suka sha wuya tun daga 2015, samun albashin gwamnati babban abu ne. Sai dai da yawa daga cikin masu neman wannan aiki kaki da galan kawai suke hange. Abin da ke jiran su a bakin Komadugu da tuddan rairayin Maine Soroa ya fi haka nauyi.

Wane irin aiki ne?

Ma'aikatan gandun daji, waɗanda aka fi sani da sunansu na Faransanci, Eaux et Forêts, suna ƙarƙashin ma'aikatar da ke kula da muhalli. Tsarinsu irin na soja ne: suna sa kaki, suna riƙe makami, suna da muƙamai tun daga ƙananan jami'ai har zuwa kanar, kuma ana lissafa su cikin jami'an tsaron ƙasa tare da 'yan sanda, jandarmomi da kwastan.

Dokar da ta fi shafar aikinsu na yau da kullum ita ce mai lamba 2004-040 ta 8 ga Yunin 2004, wadda ta tsara sha'anin dazuzzuka. Akwai kuma dokar farauta da kare namun daji ta 1998. Su ne ke ba da izinin saran itace, su binciki motocin itace da gawayi a kan hanya, su sa ido kan kamun kifi, su yaƙi wutar daji, su kuma kula da wuraren renon itatuwan da ake dasawa ranar 3 ga Agustan kowace shekara.

Ƙofofin shiga

Hanyar shiga ta dogara ga takardar shaidar karatun da mutum ke riƙe da ita. Mai BEPC ko BAC kan nemi ƙananan muƙamai da matsakaita, yayin da masu digiri a fannin noma, dazuzzuka ko muhalli ke neman matsayin injiniya da hafsa.

Makarantar da ta daɗe tana fitar da ƙwararrun wannan fanni ita ce IPDR ta Kollo, kusa da Yamai, wadda ita ma sai da jarrabawa ake shigarta. Sai tsangayar aikin noma ta Jami'ar Abdou Moumouni. Tun da aka kafa Jami'ar Diffa a 2014, wadda ta fi karkata ga aikin noma da ilimin muhalli, ɗan jihar na iya yin wannan karatu a gida, ba sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,300 zuwa babban birni ba.

Ita jarrabawar ɗaukar aiki, wadda matasa ke kira konkur, tana da matakai: tantance takardu, gwajin ƙarfi da gudu, rubutacciyar jarrabawa cikin Faransanci, da binciken lafiya. Wanda ya tsallake sai ya tafi horon soja kafin a tura shi bakin aiki, kuma ko'ina ne a faɗin ƙasa. Yawan gurabe, iyakar shekaru da ranar rufe karɓar takardu, sanarwar kowace jarrabawa ce ke fayyace su, don haka ita ya kamata a karanta da kyau, ba jita-jitar majalisa ba.

Takardu: inda da yawa ke faɗuwa tun kafin a fara

Kamar sauran jarrabawoyin gwamnati, ana buƙatar takardar neman aiki da aka rubuta da hannu, takardar haihuwa, takardar shaidar zama ɗan ƙasa, takardar kotu mai nuna mutum ba shi da tabon laifi wadda ba ta wuce wata uku ba, takardar likita, da kwafin shaidar karatu da hukuma ta buga wa hatimi.

A Yamai wannan aikin 'yan kwanaki ne. A Diffa kuwa wani labari ne daban. Tun bayan harin da Boko Haram ta kai garuruwan Bosso da Diffa ranar 6 ga Fabrairun 2015, da dokar ta-ɓacin da ta biyo baya, dubban iyalai sun bar ƙauyukan bakin kogi da tsibiran Tafkin Chadi, sun yada zango a gefen babbar hanyar RN1. Wasu sun gudu ba su ɗauki ko takarda ɗaya ba, wasu dama ba a taɓa yi musu rajistar haihuwa ba. Irin waɗannan sai sun je kotu an yi musu takardar da ke maye gurbin ta haihuwa, sannan su nemi ta ɗan ƙasa. Wanda ya jira sai an buɗe jarrabawa kafin ya fara wannan zirga-zirga, da wuya ya kammala kafin a rufe.

Ga kuma giɓin karatu. An rufe makarantu da dama a yankunan Bosso, Tumur da Geskeru na tsawon lokaci, amma ɗalibin da ya yi asarar shekarun nan takarda ɗaya zai zauna wa da wanda bai taɓa fashin aji ba a Maradi ko Dosso.

Wani tarkon kuma shi ne na 'yan damfara. Duk inda masu nema suka ninka gurabe, ba a rasa masu cewa suna da hanya a sama. 'Yan ci-rani da ke aiko da kuɗi daga nesa su suka fi faɗawa hannunsu, domin ba su da halin tantancewa. Kuɗin da doka ta sani shi ne wanda sanarwa ta ambata, kuma ana ba da rasit.

Abin da ke jiran wanda ya ci

Jihar Diffa ta haura murabba'in kilomita 156,000, kuma kowane sashe da irin matsalarsa.

A Maine Soroa da Gudumariya, rairayi ne ke binne kwarurukan da ake noman dabino da haƙar kanwa. Aikin jami'i a can shi ne jagorantar jama'a su kafa shingayen rassan kalimbo da na goruba a kan tuddai domin su karya ƙarfin iska, sannan a dasa itatuwa da ciyawa idan damina ta sauka. Yankin na cikin layin Babbar Koriyar Ganuwa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Can ne kuma ake samun dakwara, itacen da ke ba da ƙaro.

A gindin Tafkin Chadi, wajen Ngigmi da Bosso, matsalar ta juya. Itacen Prosopis, wanda aka kawo daga waje don tare hamada, ya mamaye wuraren da ruwa ya janye, yana hana jiragen masunta da dabbobi wucewa, ko da yake shi ne ke ba jama'a itacen girki da gawayi.

A arewa akwai gandun Termit da Tin Tuma, wanda aka kafa a 2012, mafakar ƙarshe ta wani nau'in barewar hamada da ake kira adaks, a kusa da rijiyoyin man Agadem.

Amma inda aikin ya fi taɓa zuciya shi ne kwarin Komadugu, kogin da ya raba Nijar da Najeriya a nan. Yawan jama'ar da suka taru a Diffa, Shetimari da sansanin Sayam Forage ya sa buƙatar itacen girki da na kafa rumfa ta ƙaru ƙwarai. Ga magidancin da ya rasa gona da komarsa, saran itace ne sana'ar da ta rage. Sabon jami'i, wanda wataƙila shi ma a rumfar zana ya girma, shi ne zai tsayar da amalanken wannan magidanci ya tambaye shi takardar izini. Idan ya kau da kai, aduwa da bagaruwa da goruba su ƙare, gaɓar kogi ta zaizaye, ambaliya irin ta 2019 da 2022 ta ƙara samun hanya. Idan ya tsananta, ya raba gida da abincin ranar.

Daga tara zuwa shawara

Tsofaffi a karkara ba su manta da zamanin da ganin ɗan gandun daji ke nufin tara ba, lokacin da manomi ke gudun barin itace ya girma a gonarsa domin ba shi da iko da shi. Abubuwa sun fara sauyawa bayan taron yaƙi da hamada da aka yi a Maradi a 1984, da dokar 1992 da ta ba ƙauyuka damar kafa kasuwannin itace na karkara. Manoman Maradi da Damagaram sun farfaɗo da miliyoyin kadada ta hanyar renon tohon da ke fitowa da kansa a gona, kuma a 2020 gwamnati ta fitar da ƙudurin da ya amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya rena.

Wannan sauyi ya sa jami'in yau na buƙatar baki kamar yadda yake buƙatar ƙafa. A nan ɗan Diffa ke da abin da ba a koyarwa a Kollo: yana jin Barbarci, Hausa, wani lokaci har da Fulatanci ko Tubanci, ya san lokacin da kogi ke kawo ruwa, ya san yadda ake shiga wurin bulama kafin a tara jama'a.

Haɗari kuma gaskiya ne. Mai kaki a wannan yanki abin hari ne, kuma takwarorinsu na gandun dajin W a yammacin ƙasar sun sha fuskantar 'yan bindiga.

Ga wanda ya auna duk wannan ya ga zai iya, shirin ba ranar sanarwa yake farawa ba. A fara da kotu a gyara takardar haihuwa, a koma ga littattafan Faransanci da lissafi da kimiyyar halittu, a riƙa fita gudu da asuba, sannan a leƙa ofishin muhalli na jiha a Diffa a ji ta bakin waɗanda ke cikin aikin.