Hanyoyin Tiyatar Haɗe Ƙasusuwan Ƙugu da Takaddamar da ke Kansu

Ƙashin baya na ɗan'adam yana da gaɓoɓi biyar a yankin ƙugu, tsakanin kowaɗanne biyu kuma akwai faifan guringuntsi da ke aiki kamar matashi. Tiyatar haɗe ƙasusuwa tana nufin hana motsi tsakanin gaɓoɓi biyu, ta hanyar dasa ɓurɓushin ƙashi har su toho su zama ɗaya. Sukurori da sandunan ƙarfe da ake ɗaurawa riƙo ne na wucin gadi. Ainihin haɗuwar jiki ne ke yin ta cikin watanni.

Asalin aikin ba don ciwon baya na yau da kullum ba ne. A shekarar 1911 Russell Hibbs da Fred Albee, likitoci biyu a birnin Niyok na Amurka, suka bayyana shi don maganin tarin fuka da ke cin ƙashin baya, cutar da har yau ake gani a asibitocin Afirka. Albee daga ƙashin ƙwauri yake yanko abin dasawa.

Bambancin hanyoyin yana ga inda likita zai shiga. Ralph Cloward ya yaɗa shiga ta baya a 1953, inda ake ture jijiyoyi gefe a cire faifan, a cusa ƙashi a gurbinsa. Hatsarinta shi ne jan jijiyar. Saboda haka Jürgen Harms na Jamus ya gabatar da shiga ta kusurwa a 1982, ta kafar da jijiya ke fita, daga ɓangare guda kawai.

Shiga ta ciki kuwa tana barin naman baya lafiya, tana ba da damar sanya babban mazauni a gurbin faifan. Sai dai manyan hanyoyin jini na kwance a gaban ƙashin, kuma ga maza akwai yiwuwar taɓa jijiyoyin da ke kula da fitar maniyyi, har ya riƙa komawa mafitsara. Shiga ta gefe tana ratsa tsokar da ke ɗaga cinya, shi ya sa wasu ke tashi da dindiris a cinya. Kuma ƙashin kwatangwalo yana tare hanya zuwa gaɓa ta ƙarshe.

Idan gaɓa ta zame daga mazauninta, ko ƙashi ya karye, ko cuta ta ci shi, dalilin tiyata a fili yake. Inda takaddama take shi ne ciwon baya zalla. Binciken Suwidin na 2001 ya nuna tiyata ta fi kulawar da aka saba yi. Amma na Birtaniya na 2005, mai majinyata 349, ya kwatanta ta da shirin motsa jiki mai tsanani, bai sami fifiko bayyananne ba. Abin lura shi ne abin da aka kwatanta tiyatar da shi a kowanne. A 2016 hukumar tsara ƙa'idojin jinya ta Ingila ta ce kada a yi wannan tiyata don ciwon baya kaɗai sai cikin gwajin bincike.

Akwai kuma abin da kan biyo baya. Gaɓar da aka haɗe ta daina motsi, nauyi ya koma kan maƙwabtanta, wasu majinyata su sake komawa ɗakin tiyata bayan shekaru. Shan taba kuma yana daga cikin manyan abubuwan da ke hana ƙashin haɗuwa tun farko.