In Mai Ya Yi Wa Injin Mota Yawa

'Yan'uwa manoma, a ƙasarmu ta Kademi da kewayen Gaya da Ajingi, har yanzu akwai tsofaffin motoci masu kai mana amfanin gona kasuwa. Wasu a-kori-kura ne irin Fijo 504, daga kamfanin da ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975. Irin waɗannan motoci da kafireta suke aiki, kuma akwai ciwon da ya saba kama su: a murza makulli, inji ya yi ta juyawa, ya ƙi tashi, warin fetur ya cika wuri. Makanikai kan ce ta yi obafulo, wato mai ya yi mata yawa.

Inji ba fetur zalla yake sha ba. Aikin kafireta shi ne ta gauraya fetur da iska, wajen kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur, in an bi nauyi. In fetur ya rinjayi iska, sai ya jiƙe bakin fulogi, wuta ta kasa kamawa, kamar mai ƙyasta ashana a kan ɗanyen itace. Alamunsa su ne warin fetur, da baƙin hayaƙi daga salansa, da shan mai fiye da kima, da fulogi mai baƙin ƙuni ko danshi.

Direba da yawa, in mota ta ƙi tashi, sai ya yi ta bubbuga totur. Wannan ƙara wa Barno dawaki ne, domin duk taki ɗaya sai ya ƙara tsarto fetur cikin inji. Abin yi shi ne a mai da cok, a taka totur har ƙasa a riƙe shi, a murza makulli kamar daƙiƙa 10, sa'an nan a huta. In ta ƙi, a dakata minti 15, ko a kwance fulogai a shanya su.

In ciwon yana dawowa, sai a nemi tushensa. A fara da mai sauƙi.

1. Cok. A buɗe murfin matatar iska a leƙa bakin kafireta. In faifan cok ya maƙale a rufe, iska ba za ta shiga ba.

2. Matatar iska. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin ƙauye kan toshe ta. A kakkaɓe ta, in ta cushe a sake sabuwa.

3. Wuta. In kwantak ya cinye, ko wayoyin fulogi sun tsattsage, fetur zai taru bai ƙone ba, a ɗora wa kafireta laifin da ba nata ba.

4. Fulot da allura. A nan ne ciwon ya fi zama. A cikin kafireta akwai ɗan ƙoƙo inda fetur ke taruwa, da wani abu mai yawo a bisansa kamar gora a kan ruwa, shi ne fulot. In ƙoƙon ya cika, fulot ya taso ya tura allura ta toshe hanyar mai. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana allurar rufewa, sai fetur ya yi ta malala. A ciro fulot a girgiza shi kusa da kunne. In an ji motsin ruwa a ciki, ya huje, sai sabo. In bakin allura ya yi zobe, ita ma ta gama aiki.

5. Famfon mai. A zaro gejin baƙin mai a sansana. In yana warin fetur, ya tsinke, ko ya haura alamarsa, mai yiwuwa fatar famfon ta yage, fetur yana zuba cikin inji. Kada a yi tafiya a haka. Fetur yana wanke baƙin mai daga jikin fistin, ringi ya cinye, gyaran kwana ɗaya ya koma sauke inji.

Ku kiyaye da wuta. Kada a sha taba ko a haska da aci-bal-bal kusa da kafireta, kuma kada a gwada wutar fulogi inda fetur ya zube. A ajiye yashi kusa.

Yawancin dattin daga mai yake zuwa. In dole ta sa an saya a jarka a bakin hanya, a tace shi da kyalle mai tsabta. A sa ƙaramar matatar mai tsakanin tanki da kafireta, a riƙa sauya ta. Masu injin ban-ruwa a fadama, ku ma fulot da allura gare ku, ku riƙa rufe makunnin mai in kun tashi aiki.

Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, ɗigon mai kuɗi ne. Motar da ta kwanta da buhunan gero ko wake ran kasuwa, hasarar ta dukan 'yan ƙungiya ce. Saboda haka kowace ƙungiya ta ba direbanta littafi, ya riƙa rubuta litar da ya sha da nisan da ya yi. Ran da lissafi ya fara hawa, a buɗe bonet tun mota tana gida.