Likita ya ce a rage tuwo, a gida an ce a'a: yaya za a yi?

A Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela, kamar sauran garuruwan jahar Tawa, kalmar "rejim" ta shiga bakin mutane. Wani likita ne ya ɗora masa ita, bayan awon jini da aka yi masa kafin karin kumallo ya kai giram 1,26 a lita har sau biyu, wanda shi ne ma'aunin ciwon sukari. Wata kuwa a WhatsApp ta ga wadda ta daina cin shinkafa ta zubar da kilo goma. Ko ta wace ƙofa ya shigo, rejim ɗin rage tuwo da shinkafa da burodi yakan tarar da gardama tana jiransa a gida: ko dai uwargida ta ɓata rai, ko maigida ya ce ba a gidansa ba.

Wannan gardama ba ƙaramar magana ba ce. Binciken STEPS da aka yi a Nijar a 2007, bisa tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ya gano ciwon sukari a jikin kashi 4,3 cikin ɗari na manya. Mai wannan ciwo kuma ba shi kaɗai yake ci ba. Daga tukunya ɗaya ake zuba wa kowa.

Me ake ragewa?

Abin da likitoci ke kira *glucides* da Faransanci shi ne ɓangaren abinci da ke komawa sukari a cikin jini. Yana da yawa a hatsi, dawa, masara, shinkafa, alkama, rogo, dankali, da shi sukarin kansa. A giram 100 na garin hatsi akwai wajen giram 65 zuwa 70. A ɗanyar shinkafa ya kusa 80. Galibi ana cewa mutum ya rage idan abin da yake ci a yini bai kai giram 130 ba. Tsarin da ake kira keto ya fi tsanani, tsakanin giram 20 da 50 ne kawai. A lissafa: garin hatsi giram 200 ya riga ya cika 130 ɗin, tun ba a zo kan shayi ba.

Tsarin ba a ƙasar hatsi aka haife shi ba. Wani Baturen Ingila, William Banting, ya yaɗa shi a 1863, likita Robert Atkins ya farfaɗo da shi a Amurka a 1972, shi kuwa keto tun a 1921 aka ƙirƙiro shi don masu farfaɗiya. Amfaninsa ga mai ciwon sukari tabbatacce ne: a 2019 ƙungiyar likitocin ciwon sukari ta Amurka ta ce rage irin wannan abinci shi ne ya fi samun hujja wajen sauko da sukarin jini. Wajen rage ƙiba kuwa abin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. A wani gwaji na jami'ar Stanford da aka wallafa a 2018, an bi mutum 609 shekara guda. Masu rage tuwo da danginsa sun zubar da wajen kilo 6, masu rage maiƙo wajen kilo 5,3, bambancin da masu binciken suka ce bai taka kara ya karya ba. A 2023 kuma OMS ba ta ce a daina hatsi ba, cewa ta yi a fi dogara da hatsin da ba a cire masa dusa ba, da wake, da ganye, da ƴaƴan itace.

Ba tuwon ake karewa ba

Idan maigida ya maido kwano ba a taɓa ba, shi a ganinsa umarnin likita ya bi. Ita wadda ta yi daka, ta sha hayaƙi, ta tuƙa, wani saƙo dabam ta karanta. A gidan Bahaushe ƙin cin girkin mace hukunci ne, da shi ake nuna fushi. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya abin ya fi nauyi, tunda girki da kwana tare suke tafiya, kuma kishiya tana ganin kwanon da ya fito. Daga nan zato ke farawa. Ya ci a wani wuri ne? Neman aure yake? Ko kuwa, wanda ya fi kowanne ciwo, yana zargin an sa masa wani abu a abinci?

Idan matar ce ke rejim, lissafin ya juya. Ciyarwa haƙƙi ne a kan miji, kuma jama'a da ido suke auna ko ya sauke shi. Matar da ta yi jiki, ana cewa tana jin daɗin aure. Wadda ta rame, ranar da ta je suna ko biki danginta za su ja ta gefe su tambaya lafiya, wasu kuma su fara raɗe-raɗin tarin fuka ko sida. Mijin da ya ce "ban yarda ba" sau da yawa sunansa yake karewa a bakin mutane.

Sai kuɗi, wanda ba a cika faɗa a fili ba. Tiyar hatsi tana ciyar da gida. Kuɗinta a wurin mahauci ba ya ƙosar da mutum biyu. Tukunya ta biyu tana nufin itace ko gawayi na biyu, mai na biyu, da wani aikin a kan wadda aikin ya riga ya yi wa yawa. Duk wanda ya shigo gida da jerin abincin da aka rubuta don mutumin Paris ko New York, nama da safe, kifi da rana, cuku da dare, to a ganina abokin zamansa yana da gaskiya idan ya tambaye shi wa zai biya.

A fara da abin da ba ita ta dafa ba

Kuskuren da aka fi yi shi ne farawa da tuwon dare, alhali akwai sukari mai yawa da bai taɓa bi ta madafin gidan ba. Shayin majalisa, zagaye uku, kowanne da nasa sukari. Lemon kwalba, wanda gwangwani ɗaya na santilita 33 yakan ɗauki wajen giram 35. Burodi da madarar gwangwani mai zaƙi a teburin mai shayi. OMS ta ba da shawara tun 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce wajen giram 50 a yini ga babba, 25 ma ya fi. Mutumin da ya bar waɗannan bai taɓa zuciyar kowa ba, kuɗi ma ya rage kashewa. Amma wanda ya ƙi tuwon matarsa da dare, gobe a gan shi a tasha da kofin shayi mai sukari huɗu, shi ya jawo wa kansa magana.

Mataki na biyu, a tafi asibiti tare. Wadda ke riƙe da muciya ita ya kamata ta ji bayani daga bakin majo a CSI, ko likita a asibitin gunduma, ko a asibitin Galmi da ke karɓar marasa lafiyar yankin tun 1950. Magana ɗaya ce, amma "likita ya ce" da "ni na ce" ba nauyinsu ɗaya ba. Idan akwai na'urar awon sukari a gida ko a farmasi, gani ya kori ji: a auna awa biyu bayan fura mai sukari, wata rana a auna awa biyu bayan kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ƙwai. Ga yawancin masu ciwon, abin da ake nema bayan cin abinci shi ne ƙasa da giram 1,80 a lita. Lambobin biyu za su yi bayanin da sati guda na cacar baki bai yi ba.

Sannan tukunya ta zauna ɗaya. Abin da zai canza shi ne rabon cikin kwano: malmala ɗaya maimakon biyu, miya ta ninka. A nan yankinmu ya yi sa'a. Lokacin ɗari, lambunan Ƙonni da Tsarnawa da Galmi suna cika kasuwa da shu, salati, tumatir da albasa. Da damina ga tafasa, rama, lalo da yakuwa, ga ƙwan zabi ya yi araha. Kuɓewa da kuka ba sa yankewa. Fura ma ba sai an rabu da ita ba, a yawaita nono, a rage dawo, a bar sukari. Masu tsananin keto sun haramta wake, amma wake yana da ƙosarwa kuma a hankali yake ɗaga sukari, ba kamar farar shinkafa ko garin rogo ba. Ni dai ban ga dalilin da zai sa mutumin Badagishiri ya bar wake don wani littafin Amurka ya hana ba.

Yadda aka faɗi maganar ma yana da tasiri. Akwai bambanci tsakanin "ki daina ba ni wannan abu, shi ke kashe ni" da "Hajiya, girkinki ba shi da laifi, jinina ne ya canza, ki taimake ni da rabin malmala da miya mai yawa." Mace kuma za ta iya cewa: "Malam, ba rashin ci ba ne a gidanka, ga takardar awo. Don Allah kai za ka faɗa wa Inna da bakinka, kafin ta ji a waje." Mai mata biyu ko uku ya tara su ya faɗa musu rana ɗaya, kuma kada ya riƙe rejim ranar girkin wannan ya sake shi ranar girkin waccan. Wannan kaɗai ya isa ya tada gida.

Inda mai ƙin yake da gaskiya

Akwai wuraren da ya kamata a saurari mai cewa a'a. Wanda ke allurar insulin, ko yake shan ƙwaya irin glibenclamide, idan ya yanke tuwo dare ɗaya ba tare da likita ya gyara masa magani ba, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa da giram 0,70 a lita. Alamun su ne rawar jiki, gumi, jiri, ruɗewa, har suma. Wanda ke kwana kusa da shi ne zai fara gani, don haka dole ya san abin yi: idan mutumin yana cikin hayyacinsa a ba shi wajen giram 15 na sukari a ruwa, kimanin ƙwaya uku, idan ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti.

Mai ciki da mai shayarwa ba su da hurumin keto. Mai ciwon ƙoda bai kamata ya cika cikinsa da nama ba sai da izinin likita. Mai hawan jini da ya maye gurbin tuwo da kilishi da balangu da yaji mai gishiri da magi, ya fita daga wata matsala ya faɗa wata. Rabon yara kuma ba a taɓa shi, ko a rage musu hatsi, ko a kwashe ɗan naman miya a tara wa mai rejim, a ƙasar da tamowa ba baƙuwa ba ce. Haka nan ramar da ta zo ba a neme ta ba, tare da yawan ƙishirwa da fitsari, alamar ciwo ce, asibiti take buƙata.

To idan an yi duk wannan kuma abokin zama ya kafe? Wanda ke yi don gyaran jiki kawai yana da sararin sassautawa, ya tsaya a kan sukari da lemo da rage loma. Mai ciwon sukari ba shi da wannan sararin, domin ciwon da aka bari yana taɓa ido, ƙoda da ƙafafu. Shi sai ya nemi wanda ake jin maganarsa a gidan, yaya ko kawu ko liman, a zauna. Abin da ya fi sauƙin karɓa a irin wannan zama shi ne gwaji mai wa'adi: wata uku, da ɗan littafi da za a riƙa rubuta awon sukari, nauyin jiki, da kuɗin cefanen kowane sati. Ranar komawa wurin likita, su biyun su tafi da littafin.