Me ya haɗa tumatirin Kura da turaren wardi?

In ka tsinki nunannen tumatir a gonakin rani na Kura ko Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke bi ta magudanai, ka yanka ka shinshina, hancinka zai ci karo da wasu sinadarai da ke cikin turare mai tsadar gaske. Biyu daga cikinsu su ne damasinon da ayonon. Tsiro na samar da su ne idan sinadaran launi dangin karotin suka farfashe. Suna cikin tumatir, suna cikin furen wardi, ayonon kuma har a furen lalle akwai shi.

To me ya sa tumatir ba ya ƙanshin wardi? Saboda ƙanshi haɗi ne, kamar miya. Man wardi na asali ya ƙunshi sinadarai sama da 300. Mafi yawansu sitironelol ne da jeraniyol, amma damasinon, wanda bai kai kashi 1 cikin 100 ba, yana cikin waɗanda suka fi tasiri, domin hanci na jin sa ko da ɗan mitsitsi ne. Masana'anta kan haɗa manyan sinadaran cikin sauƙi. Ƙananan nan ne ke da wuyar kwaikwayo, su ne kuma ke sa ka ji kamar fure ne a hannunka.

Tsadar ma daga nan take. A Bulgeriya da Turkiyya, da asuba ake tsinkar furen kafin rana ta kwashe ƙanshin, a dafa shi da ruwa, a sanyaya tururin, a kwashe man da ya taso. Sai an tara fure wajen kilo 3,000 zuwa 4,000 kafin a samu kilo 1 na mai.

Don haka in an miƙo maka kwalba a kasuwa da araha aka ce zallan man wardi ne, lissafin bai fita ba. Galibi haɗin masana'anta ne. Wannan ba aibi ba ne, matuƙar ba a karɓi kuɗin na asali ba. Ga wata alama: man wardi na tururi yakan daskare in ya ji sanyi, ya narke da ɗumin hannu. Tabbaci dai sai ɗakin gwaji.

Kuma ko na asalin ne, jeraniyol kan sa wasu ƙaiƙayi. Kafin ki zuba a humra, ki fara gwada ɗigo a hannu.