Jema Ba Ciyawar Banza Ba Ce

Da zarar ruwa ya janye daga fadamun Faru har zuwa Bakura, sai ka ga mutum ya duƙufa yana tumɓuke jema har bakin gulbi, don kawai ya ƙara fangali biyu na albasa. Ka yi magana ya ce, "Haba Malam, ciyawa ce fa, damina ɗaya ta dawo." Wannan magana ta ishe ni.

Jema dai kowa ya san ta: da ita ake saƙa zana, saiwarta kuma ake jefawa a randa ruwa ya yi ƙamshi.

To, ba ta dawowa a damina ɗaya. Masu faɗin haka suna haɗa ta ne da ƙarangiya, wadda ke zubar da iri ta mutu, baɗi ta sake tsirowa. Ran jema a gindinta yake. Ka yanke ta, ta tofo. Shanu su cinye ta, ta tofo. Ko wuta ta bi ta kanta, takan farfaɗo. Amma ranar da ka haƙe gindin, ka rushe aikin shekaru, kuma saiwar nan da ka jefar ita ce ta ɗaure ƙasar gaɓa. Ambaliya ta zo ta tarar da gaɓa tsirara, ta yanke ta, ta tafi da fangalin da ka ƙara har da wanda ka gada. Sannan a zauna ana cewa ƙaddara. Subhanallahi, ƙaddarar da ka haƙa da fartanyarka?

Kar a manta, tun da aka kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, malalen ruwan da ke shayar da fadamun da ke ƙasa da ita ya ragu. Tsiron da ke fama da ƙishirwa ba shi da ƙarfin sake kama wuri kamar da. Yawan kiwo ma na da nasa laifin.

Abin takaici, 'yar'uwar jemar nan ta Indiya ce Bankin Duniya ya riƙa tallata wa manoma a shekarun 1980 don tare zaizayar ƙasa. Mu Allah ya ba mu tamu kyauta.

Don haka, manomi, bar wa gulbi taku kaɗan, kar garma ta taɓa wurin. In zana kake so, sa lauje ka yanka, ka bar kamar taƙi ɗaya a sama da ƙasa. Mai haƙar saiwa don sayarwa ya ɗebi gefen gindi, ya mayar da ƙasa, ya danne. Inda gaɓa ta riga ta fara zubewa, a tsaga babban gindi gida-gida, a datse ganyen, a dasa a jere kusa da kusa a farkon damina, a kuma hana awaki isa wurin sai ya kama. Masu unguwanni su riƙa zagayawa tun kafin a fara yanka fangali, don bayan an shuka albasa ba mai sauraronsu.