Neman aiki ta intanet a Yamai: me ke sa a tura takardu, amsa ta ƙi zuwa?

Iyaye da dama a karkara na tambayarmu abu guda: yaro ya gama Jami'ar Abdou Moumouni, kullum yana cewa ya tura takardu ta salula, amma shiru kake ji. Wasu har sun fara zargin lalaci ne. Sau da yawa ba haka ba ne.

Sanarwar aiki ɗaya, da zarar ta fito a jaridar Le Sahel ko a wani shafin intanet, kafin la'asar ta zagaye rukunonin WhatsApp daga Yamai har Diffa. Gurbi guda, masu nema tuli. Manyan ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa kuma sukan sa kwamfuta ta fara tace takardun, tana duba ko kalmomin da ke cikin sanarwar sun fito a CV ɗin mutum. In babu, sai a ture dosiyen gefe, idon ɗan Adam bai ko gan shi ba. Shi ya sa tura CV iri ɗaya zuwa wuri ashirin ba ya cika haifar da ɗa mai ido.

Ga kuma kashe kuɗi. Akan nemi takardar haihuwa, ta ɗan ƙasa, diploma mai hatimin hukuma, da kaziye wanda bai wuce wata 3 ba. A je a ɗauki hotonsu, a sayi kiredi, rezo ya yanke ana tsakiyar turawa, ko wuta ta ɗauke. Wata 3 na cika, sai a sake wani kaziyen. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuma, ayyukan wasu ƙungiyoyin waje sun ragu, alhali nan ne matasa da yawa suka fi sa rai.

To, ina batun sanayya? A nan Nijar kowa ya san PAC, wato dangi, abokai da sanin ido. Sa ɗan'uwa a gurbin da bai cancanta ba zalunci ne, ba mu goyon bayansa. Amma ka sanar da mutane abin da ka iya, domin labarin aiki ya same ka da wuri, wannan wani abu ne daban. Wani masanin zamantakewa a Amurka, Mark Granovetter, ya nuna tun 1973 cewa labarin aiki ya fi zuwa ta bakin waɗanda ake haɗuwa da su jefi-jefi, ba aminai na kullum ba. Dalilin a fili yake: abokan fadarka, abin da ka ji su ma shi suka ji. Tsohon malaminka, ko wanda kuka yi sitaj ko hidimar ƙasa tare, shi ke shiga inda ba ka shiga. Mai ɗaukar ma'aikata ma hankalinsa ya fi kwanciya in wani ya ce "na ga aikinsa."

Ƴan'uwa mazauna Kwatano, Akra, Abijan ko Faransa, a nan kuna da rawar takawa fiye da aiko kuɗin kiredi. Ku duba wa ƙanenku CV, ku gyara masa Faransancin wasiƙar, ku haɗa shi da mutum ɗaya da ke cikin sana'ar da ya karanta.

Mai nema kuwa ya je ofishin ANPE, hukumar samar da aikin yi, ya yi rajista ya karɓi katinsa, domin sanarwa da yawa na neman wannan kati a cikin dosiye. In kuma aka ce ya fara turo jika biyar ko goma a lambar wani mutum kafin a kira shi ganawa, kada ya tura ko dala. Ya taka da ƙafarsa zuwa ofishin ma'aikatar da aka ambata, ya tambayi ko da gaske suna ɗaukar ma'aikata.