Jiyyar Ƙaramin Rauni a Jikin Kyanwa

Jama'a, da wuya ka shiga gida a ƙauye ba ka tarar da kyanwa ba, amma ba a cika sanin darajarta ba sai ranar da ta ɓace, ɓeraye suka shiga rumbu. Ɓarnar ɓera kuwa ba ta tsaya kan hatsi kaɗai ba. Akwai wani irin ɓera da ke ɗauke da zazzaɓin Lasa, cutar da aka fara ganewa a garin Lasa na ƙasar Barno cikin shekarar 1969, ya kan bar ta cikin fitsarinsa da kashinsa a kan abinci. Ashe kyanwa mai gadin lafiyar gida ce. In ta ji ciwo, hakkinta ne a kanmu mu yi mata jiyya, amma jiyyar da ta dace.

Wata rana wani manomi ya zo ɗakin shan magani inda na ke aiki, ransa a ɓace. Kyanwarsa ce tsohon kwanon rufi ya yanka a ƙafa. Ya wanke wurin da Izal, ya kuma murje Panadol cikin nono ya ɗura mata. Ba ta kwana biyu ba ta mutu. Ya ce mini, "Malam, ni fa taimakonta na yi nufi." Na ce, "Na sani, Baba. Amma yankan bai isa ya kashe ta ba, maganin ne ya kashe ta."

Abin da Ba A Sa wa Kyanwa

Ku riƙe wannan magana: duk abin da kuka shafa wa kyanwa a jiki, cikinta zai tafi, gama da harshe ta ke wanka. Hantarta kuma ba irin tamu ba ce, ba ta iya narkar da waɗansu magunguna da jikin mutum ke ɗauka lafiya lau. Saboda haka:

Kada a ba ta farasitamol, watau irin su Panadol. Ƙwaya guda ta isa ta kashe ta. Ya kan ɓata mata jini, dasashinta ya yi duhu, fuska ta kumbura, numfashi ya gagara. Asfirin da sauran maganin ciwon jiki na mutane su ma haɗari ne.

Kada a wanke rauninta da Dettol ko Izal, dafi ne gare ta.

Kada a zuba mata kananzir, ko baƙin mai, ko garin taba, ko barkono. Kada kuma a cusa toka, ko ƙasa, ko kashin shanu. Waɗansunsu guba ne, waɗansu kuma ƙwayoyin cuta su ke ƙara wa raunin.

Yadda A Ke Wanke Rauni

Maganin yana cikin ɗakin girkinku, watau ruwa da gishiri.

1. A tafasa ruwa rabin lita, kimanin abin da ke cikin ledar ruwan sayarwa guda. A zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya, ba tozo, a bari ya huce. In gishirin ya yi yawa zai yi mata zafi.

2. A wanke hannu da sabulu. Wanda ke da yanka ko gyambo a hannu ya bar wa wani aikin.

3. A naɗe ta cikin tsohon zane mai kauri ko buhu, a bar wurin ciwon kaɗai a waje. Mutum biyu a ke bukata, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya wanke. Wannan aikin manya ne, a kori yara. Kyanwa mai ciwo ba kyanwar Lami ba ce, tana cizo tana yakushi, ko da kai ka rene ta.

4. In jini na zuba, a danne wurin da tsumma mai tsabta minti 5, ba a ɗagawa ana leƙe.

5. A rage gashin da ke gefen raunin da almakashi, a hankali.

6. A kwarara ruwan gishirin a kai har datti ya fita sarai, sa'an nan a tsane da tsumman da aka tafasa ya bushe. Ba a gurzawa.

A yi haka safe da yamma. Ƙaramin rauni ba ya bukatar ɗauri, kuma ɗauri mai tsanani ya kan tsare jini har ƙafa ta lalace. A ajiye ta cikin ɗaki mai tsabta, da ruwan sha da abinci, don kada ƙuda ya sauka ya yi ƙwai, tsutsa ta shiga. Yankan da ba shi da zurfi ya kan kama bushewa cikin 'yan kwanaki, ya warke cikin mako ɗaya ko biyu.

Raunin da Ya Fi Ƙarfin Gida

Muzuru in ya dawo daga faɗan dare, sau da yawa ba za ka ga kome ba sai ɗan huji. Kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ka. Haƙorin kyanwa kamar allura ya ke, ya kan tura ƙwayoyin cuta can ciki, fata ta rufe a kansu. Bayan kwana 2 zuwa 4 sai wurin ya kumbura, ya yi zafi, ya tara mugunya, dabbar ta ƙi abinci. Ana iya gasa wurin da tsumma da ruwan ɗumi, amma kada a tsaga da reza. A kai ta wurin malamin dabbobi.

Haka nan a kai ta in jini ya ƙi tsayawa bayan minti 10, ko rauni ya buɗe baki har ana ganin tsoka ko ƙashi, ko yana kusa da ido, ko ya huda ciki ko ƙirji, ko yana wari, ko tsutsa ta shiga, ko ba ta iya taka ƙafa.

Cizon Kare, da Lafiyarku

Nan ne babban haɗari ya ke. Haukan kare ba kare kaɗai ya ke kamawa ba, yana kama kyanwa, yana kama mutum, ta wurin yawun dabba mai cutar. In kare ne ya ciji kyanwarka, balle baƙon kare ko wanda halinsa ya sāke, kada ka taɓa raunin da hannu tsirara. Rufe ta a ɗaki ita kaɗai, ka sanar da malamin dabbobi a ranar.

In kuwa ta ciji wani ko ta yakushe shi, nan take a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ana kwararawa har minti 15. Daga nan sai asibiti, a ranar, ba gobe ba. Likita zai duba ko ana bukatar allurar haukan kare, da ta sarƙewar haƙora. Kada a ce ai ɗan ƙarzane ne, yaro yana wasansa. Cutar ta kan yi wata biyu ko uku tana ɓoye a jiki, in kuwa ta bayyana, da wuya ƙwarai a ga wanda ya tashi. Amma allura tana tsare ta in an fara da wuri. Tun shekarar 1885 wani masani a Faransa, Louis Pasteur, ya ceci wani yaro da irin wannan allura. Dabbobi ma suna da tasu, ana yi wa kare da kyanwa tun suna wata 3. Ku tambayi malamin dabbobi na yankinku.

To, jama'a, ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, musamman matan gida, gama su ne kan fara ganin kyanwa tana ɗingishi. Ruwan gishiri da tsabta don ƙaramin rauni, malamin dabbobi don babba, asibiti don wanda aka ciza. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, mu da abin da mu ke kiwo, amin.